Wane injin sassaƙa mai igiya ya kamata in saya?

"Salam Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki? Dan Allah shawara nake nema. Ni sassaƙa na gada wajen mahaifina, akushi da koshiya da kujeru 'yan tsugunne muke yi, yanzu kuma na fara samun aikin zane a jikin ƙofa da allunan suna na ado. Bara na sayi ƙaramin injin nan na hannu, ko wata uku bai yi ba ya ƙone min a kan maɗaci. To na ga wani irin da ake ratayewa mai doguwar igiya da abin takawa da ƙafa, amma na rikice, wani an rubuta yana juyi 35,000 kuma da araha, wani 18,000 kawai amma kuɗinsa ya ninka. Ina da yaya a Amurka ya ce in zaɓa ya aiko min. Wanne zan ɗauka?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, aiki da godiya. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya saka wa Baba da alheri da ya ɗora ka a kan hanya. In na fahimce ka da kyau abu uku ne ke damunka, kana son injin da zai ci katako mai tauri ba tare da ya ƙone ba, lambobin da ke jikin kwali sun ruɗa ka, sannan ga maganar aikowa daga waje. To bari in fara faɗa maka inda na dosa tun kafin mu yi nisa: kar ka zaɓi injin nan da yawan juyinsa. Ka fara duba girman bakin da aikinka yake buƙata, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa yana cin katakon, sai ka nemi mariƙin da zai iya kama wannan bakin, sai moton da ke da ƙarfin juya shi. Yawancin waɗanda suka yi asarar kuɗi ta baya suka faro, sun ga babbar lamba sun biya.

Yadda injin yake

Abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Akwai moto da ake ratayewa a sama da ƙugiya, akwai igiya wadda tsawonta ya kusa mita ɗaya, sai mariƙi a ƙarshenta wanda shi ne yake hannunka, shi kuma yake kama bakin da ke cin katakon. Igiyar nan biyu ce a haɗe, ta waje bututun roba ne da ba ya motsi, ta cikin kuma wayoyin ƙarfe ne da aka murɗe su a kan juna, ita ce take juyawa. In ka taɓa zare wayar sifidomita ta babur to ka ga ƙanwarta, aiki iri ɗaya suke yi. Masu sayarwa suna ce masa fileksibul shaf ko hangin moto, kuma in ka leƙa shagon masu gyaran gwal da azurfa sau da yawa za ka ga irinsa a rataye kusa da teburinsu, don su da masu haɗa haƙoran roba sun riga masassaƙa amfani da shi.

Amfaninsa shi ne an raba nauyi da hannu. A ƙaramin injin da ka saya moto da baki duk suna tafin hannunka, dole a yi moton ƙarami don ya riƙu, kuma yatsunka ne suke toshe ramukan da iska ke shiga ta sanyaya shi, ga ƙurar katako tana shiga kai tsaye tunda a kan aikin yake. Na tabbata kafin ya ƙone ka ji yana zafi, sautinsa yana sauka duk sanda ka danna, wata ƙila har da ɗan warin kwayil. Ba wai lallai jabu aka ba ka ba, aikin ne ya fi ƙarfinsa. Maɗaci busasshe ba abin wasa ba ne, balle kirya ko marke ko kanya.

Sai ka lura akwai iri biyu da mutane suke haɗawa su kira su da suna ɗaya. Na farko ƙaramin injin hannu ne da ake ɗaura wa siririyar igiya daga baya, kamar Dremel 4000 da igiyarsa mai lamba 225. Na biyu shi ne asalin moton rataye wanda tun farko don igiya aka ƙera shi, kamar na Foredom, wani kamfani a jihar Connecticut ta Amurka da yake wannan sana'a tun 1922, da sauran masu kwaikwayonsa da suka cika kasuwa. Mai 35,000 da ka gani kusan tabbas na farkon ne, mai 18,000 kuma na biyu.

Gudu daban, ƙarfi daban

A nan ne zan ɗan zauna, don in ka gane wannan ba mai ƙara ruɗa ka da kwali. Lambar nan ta 35,000 ko 18,000 yawan juyin da baki ke yi ne a minti ɗaya lokacin da yake juyawa a iska bai taɓa komai ba. Ba ta gaya maka abin da zai faru in ka ɗora shi a kan katako ba. Abin da ke hana baki tsayawa in ya shiga itace shi ne ƙarfin murɗawa, kuma lissafin a fili yake, in moto biyu ƙarfinsu ɗaya ne, wanda ya ninka ɗan'uwansa gudu to rabin ƙarfin murɗawarsa gare shi. Kamar mota ce a giya ta ɗaya da giya ta biyar, ta biyar ta fi gudu amma ba da ita ake hawa tudu da lodi ba. Sassaƙa a kan itacen ƙasarmu kuwa hawan tudu ne da lodi daga safe har yamma.

Foredom SR, wanda shi ne aka fi sani, ƙarfinsa kashi ɗaya cikin shida ne na ƙarfin doki, ma'aunin da ake auna ƙarfin moto da shi, wato wajen wat 125, yana kaiwa juyi 18,000. TX ɗinsu kashi ɗaya cikin uku ne, wajen wat 250, juyinsa ma bai kai ba, 15,000 ne, amma shi ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman in ka rage gudu. Ka ga ke nan wanda ya fi tsada da ƙarfi shi ne mai ƙaramar lamba. Dremel 4000 na ƙasashen Turai an rubuta masa wat 175, sai mutum ya ce ai ya fi SR, to a'a, wannan wutar da yake sha ce daga soket, ba ƙarfin da yake fitarwa a baki ba, wani kaso zafi yake zama. Shi ya sa in ka ga moto marar suna an manna masa wat 400 ko 500 kar ka yi saurin yarda, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, moto mai ƙarfin gaske yana da nauyin tagulla da ƙarfe a ciki.

To gudun ba shi da amfani ne? Yana da shi, amma ga ƙananan bakuna. Abin da ke yanka katako shi ne saurin gefen baki, ba tsakiyarsa ba. Ɗauki baki mai faɗin milimita 25 a juyi 18,000, gefensa yana tafiya kamar kilomita 85 a awa, wannan ya isa ya cinye komai. Amma siririn baki mai milimita 3 a wannan juyin bai wuce kilomita 10 a awa ba, ko ka kai shi 35,000 kilomita 20 ne. Shi ya sa ƙaramin baki yake son gudu sosai kafin ya yi yanka mai tsafta, babba kuma ba ya so, in ka matsa masa da gudu sai ya ƙona katako ya bar baƙin tabo, ko ya fara rawa, kuma kowane baki akwai iyakar juyin da aka rubuta masa wanda bai kamata a wuce ba. Saboda haka mai rubutu siriri a jikin ƙwarya ko ɗan zanen gashin tsuntsu, mai gudun ya fi masa. Kai kuma da za ka rarake cikin akushi ka fito da dagi a jikin ƙofa, ƙarfi kake nema.

Mariƙi da baki, nan ne asalin zaɓin

Bakunan nan kowanne yana da ƙafa, wato sandar da ke shiga cikin mariƙi, kuma kaurinta kala-kala ne: milimita 2.35, milimita 3, milimita 3.2, milimita 6 da 6.35. Ƙananan injinan hannu da igiyarsu iyakarsu 3.2. Duk manyan bakunan da ke kwashe katako da gaske kuwa ƙafarsu 6 ce ko 6.35. To ka ga ko da ƙaramin injin yana da ƙarfin zaki ba inda zai kama su. Wannan dalilin shi kaɗai ya isa ya sa ka bar maganar mai 35,000 a matsayin babban injinka.

Amma fa ko moton rataye ka saya akwai tarko a nan, kuma da yawa sun faɗa. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna zuwa ne da mariƙin maƙeran gwal, mai baki uku da ɗan makulli kamar na dirila, a Foredom lambarsa H.30. Mariƙi ne mai kyau, yana kama komai daga siriri kamar allura har zuwa milimita 4, amma daga nan ya tsaya. Na masassaƙa shi ne H.44T, yana aiki da kolet, wato ɗan bututun ƙarfe mai tsaga da ke matse ƙafar baki ta ko'ina, kuma yana kaiwa 6.35. Shi nake riƙe da shi kusan kullum. Daga baya in hali ya yi sai ka ƙara siririn H.28 wanda ake riƙewa kamar biro don ƙananan wurare, cire wannan a sa wancan bai fi ƙiftawar ido ba, fizgowa kawai ake yi a tura. Akwai kuma H.50 wanda ba juyawa yake ba, cizal ne yake bugawa gaba da baya, yana barin sawun wuƙa mai sheƙi irin na aikin hannu kuma ba ya tada ƙura, ga wanda ya saba da gizago irinka zai yi maka daɗi a hannu, sai dai ba shi ne na farkon saye ba.

Wani ɗan abu da ba a kula da shi har sai ya ja wa mutum: milimita 6 da 6.35 ba ɗaya ba ne, haka 3 da 3.2. Kayan Amurka da inci suke awo, kayan Turai da na Sin da muke samu a kasuwanninmu da milimita. In ka sa baki mai ƙafa 6 a kolet na 6.35 za ka ɗaure iya ƙarfinka ka ga kamar ya kama, kana cikin aiki sai ya fara zamowa waje a hankali, in kuma akasin haka ne ka tura da ƙarfi sai kolet ɗin ya buɗe ya lalace. Tunda daga Amurka za a aiko, mariƙin zai zo da na inci, to ka ce a haɗo maka da kolet na milimita 3 da na 6, ƙananan abubuwa ne marasa tsada, su za su ba ka damar sayen baki a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ko Fanteka ba sai ka jira na waje ba.

Su bakunan kansu kar ka ruɗu da akwatin nan mai guda ɗari da ake bayarwa kyauta, rabinsu duwatsun wasa ƙarfe ne da ba su da aiki a katako, toshewa suke nan take. Guda biyar ko shida masu kyau sun ishe ka farawa. Na kwashe katako su ne masu ƙayoyi a jiki kamar bushiya, na kabayid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, irin su Kutzall da Saburrtooth da Typhoon, ka samu mai kan ƙwallo ɗaya babba don raraka, mai siffar harshen wuta ɗaya, da miƙaƙƙe ɗaya. Sai masu tsaga-tsaga don gyara layi su bar wuri sumul, sai gangar samfefa. Kuma ka sani su busasshen itace suke so. Mu mun saba sassaƙa ɗanye don ya fi laushi a bakin gizago, amma ɗanyen itace ko mai ƙaro yana cika ƙayoyin nan da danƙo cikin minti biyu, sai ka ga hayaƙi maimakon gari. In ya toshe ka goge da burushin waya na tagulla, in ya ƙi ka ɗan haska masa wutar gas ya ƙone dattin sannan ka goge, masu ƙayoyin kabayid suna jure wannan.

Igiya ita ce mai mutuwa

Moto mai kyau zai yi maka shekaru, amma igiyar ciki cinyewa take yi kamar tayar babur, dole wata rana ta tsinke. Kuma gara ma ta tsinke, don in baki ya maƙale a katako ita ce take ɗaukar wahalar ta yanke kafin moto ya ƙone ko hannunka ya murɗe. Saboda haka tambayar da za ka yi wa duk mai sayarwa kafin maganar kuɗi ita ce, in igiyar ta tsinke a ina zan samu wata?

Wannan ni ya taɓa ci na. Moton rataye na farko da na saya marar suna ne, kuma gaskiya yana ja ba laifi. Ina cikin rarake wani babban akushi na kawo, bakin ya shige wata ɓoyayyar tsaga ya cije, na ji igiyar ta yi tsalle ta naɗe kamar maciji sai ƙas, moto yana ta kuka a sama baki kuma ya tsaya cak. Da na zare na ga wayoyin sun warware daidai wuyan mariƙi kamar tsohuwar tsintsiya. Na zaga kasuwa ba irin kan igiyar, nasu daban aka yi shi, haka injin ya yi wata da watanni a rataye ina kallonsa, aikin mutane kuma na koma na ƙarasa da hannu. Tun daga ranar ba na sayen inji sai da igiya biyu ta ajiya da bututu ɗaya da kabon na moto, wato 'yan gawayin nan da ke kai wuta cikinsa suna cinyewa a hankali.

Kan igiya iri biyu ne a tsarin Foredom, akwai na yau da kullum mai ɗan harshe a gefe kamar makulli, akwai mai kusurwa huɗu na aiki mai nauyi, kuma mariƙin wannan ba ya shiga wancan. Na yau da kullum ɗin nake ba ka shawara, don shi ne mariƙansa suka fi yawa, kuma da yawa daga motocin kwaikwayo shi suka kwafa, wanda ke nufin ko kayan gyaransa sun fi sauƙin samu.

Kula da ita ba wuya. Kamar bayan kowane awa 40 zuwa 50 na aiki ka zare bututun ka goge igiyar da tsumma ka shafa giris kaɗan, kaɗan fa, kar ka kai shi can ƙasa kusa da mariƙi don da kansa zai gangaro, in ya yi yawa yana shiga boris ɗin mariƙi ya sa shi zafi har ka kasa riƙewa, a zafin bazara ma abin ya fi yawa tunda giris ɗin narkewa yake. Bayan shafawa ka bar shi ya juya mintuna kaɗan ba mariƙi ka goge abin da ya ɗigo. In za ka mayar da bututun ka bar kan igiyar ya leƙo kamar milimita 19. Sannan ka rataye moton daidai sama da kafaɗarka ta yadda igiyar za ta sauko da lanƙwasa mai faɗi, kar ta karye kwana. Mu da muke aiki a zaune a ƙasa ko a kan kututture sai a sauko da ƙugiyar, ba a kafa ta can a rufin rumfa ba mutum yana ja. Lokacin hunturu kuma in ka tashi ka rufe moton da buhu, lokaci-lokaci ka hure ramukansa.

Maganar wuta kafin yaya ya biya kuɗi

Dan Allah wannan ka karanta masa shi a waya. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230, Nijar ma 220 zuwa 230. In ya shiga shago ya ɗauko wanda ke kan kanta, na wutarsu zai ɗauko, wanda ake rubuta wa 115, kana sa shi a soket ɗinmu ko minti ɗaya ba zai yi ba. Kamfanin suna yin na 230, sai dai dole a nema da sunansa, kuma ba moton kaɗai ba, abin takawar ma da tasa wutar, dole su dace. In an riga an sayo na 115 ba asara ba ce, sai ka nemi taransifoma mai sauke wuta wadda ƙarfinta ya ninka na moton, amma ƙarin kaya ne da ƙarin abin lalacewa, kuma rana ɗaya yaron shago zai manta ya sa kai tsaye. Filogi kuma in da zaɓi, mai ƙafa uku irin na Ingila shi ne namu a Najeriya, 'yan'uwa na Nijar kuma mai zagayen ƙafa irin na Faransa.

Abin daɗin shi ne ba ya shan wuta. Ƙaramin janareto ma yana ɗaukarsa, sola mai inbata ma haka, sai dai inbata mai arha wadda wutarta ba ta da tsafta tana iya sa abin rage gudun ya riƙa gurnani ko fizga. In wutar unguwarku mai hawa da sauka ce ka sa sitabilaiza, kuma in an kawo ta rabi-rabi ka ji moton yana nishi to ka haƙura, aiki a kan raunanniyar wuta yana dafa kwayil. TX kuma moton DC ne, da nasa abin takawa na musamman yake aiki, ba a haɗa shi da na SR ba a kuma sa shi a bango kai tsaye. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin SR ya fi dacewa da mu, irin motonsa mai kabon ne kamar na giranda da dirila, masu gyaran nan namu sun san cikinsa.

SR yana da makunnin gaba da baya. Bayan yana da amfani ga bahago, da kuma in kana son gari ya riƙa fita nesa da fuskarka, ko jijiyar itace ta juya. Amma masu ƙayoyi da samfefa ne kawai ke ci ta baya, masu tsaga gaba kawai suke yanka, igiyar ma ta fi ƙarfi a gaba saboda yadda aka murɗe ta, kuma ba a juya makunnin sai moto ya tsaya cak. Abin takawa kuwa kamar na keken ɗinki na lantarki yake, ni na fi son shi a kan na murɗawa da hannu don kana ɗaga ƙafa wuta ta yanke, amma in aikin awa biyu ne a gudu ɗaya ƙafa tana gajiya, a nan na murɗawa da hannu da ake ajiyewa a tebur ya fi.

Jikinka

Ba zan tsallake wannan ba ko da ba ka tambaya ba. Bakin nan mai ƙayoyi ba ya yanka tufa, naɗe ta yake. Ni ya taɓa kama min bakin hannun riga, kafin in ɗaga ƙafa ya naɗe yadin har gwiwar hannu ya bar min sawu a fata kamar an ja min magagari, Allah ya taƙaita tsokar bai shiga ba. Saboda haka ba a wannan aikin da babbar riga ko jamfa mai sakakken hannu, ba rawani ko mayafi yana lilo, ba carbi a wuya, ba safar hannu ta zare. Ka samu gaban fata mai kauri ka ɗaura, dukawa za su ɗinka maka, musamman da yake mun saba dafe aiki a cinya ko tsakanin ƙafafu. In da hali ma ka daina, ka ɗaure aikin a benci hannu biyu su samu 'yanci. Gilashi a ido dole ne. In za ka canza baki ka zare filogi, don yaro yana iya zuwa ya taka abin takawar yatsunka suna kan baki.

Sai ƙura, wadda ita ce ta fi ban tsoro don ba a jin zafinta yau. Gizago ɓawo yake fitarwa ya faɗi ƙasa, shi ya sa iyayenmu suka tsufa a sana'ar ƙirjinsu lafiya. Wannan injin gari yake yi mai laushi kamar fulawa ya tsaya a iska. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya tun 1995 ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta cikin hanci, kuma itace irin loko an san shi da tada asma da ƙaiƙayin fata. Ƙyalle a hanci ko takunkumin asibiti ba sa tare ta, ka nemi mai lamba N95 ko FFP2 wanda ke manne fuska, ka yi aiki a rumfa mai iska da fanka tana kore ƙurar daga gabanka, ba a ɗakin da iyali ke kwana ba.

To wanne za ka ce a aiko?

Ga irin aikin da ka lissafa, akushi da koshiya da zanen ƙofa da alluna, ni SR na bolt 230 zan ce, da mariƙi H.44T da abin takawa. Suna haɗa su a kit ɗaya na masassaƙa mai lamba K.5240, sai dai a tabbatar na 230 ne. A ƙara igiya biyu, bututu ɗaya, kabon, giris ɗinsu, kolet na milimita 3 da 6, da manyan bakuna uku masu ƙayoyi. In kuɗin bai kai duka ba gara a rage wani abu a bar bakunan da igiyoyin, don moto mai tsada da mataccen baki ba abin da zai yi maka. In kuma ka san yawancin aikinka kirya ne da marke kana kwasar katako da yawa kullum, to TX ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Wanda ba shi da mai aiko masa kuma ba laifi ya sayi na kwaikwayo a nan, amma ya sa a kunna a gabansa, ya sa miƙaƙƙen baki ya duba ko kansa yana rawa, ya taka a hankali ya ga ko gudun yana hawa sannu-sannu ko fizga yake yi, ya bar shi minti biyar ya taɓa mariƙin, sannan ya sayi igiyar ajiya a wurin a ranar.

Shawarar nan a kan ƙanana da matsakaitan ayyuka ta tsaya, wanda shi ne abin da nake yi. Injin nan ba zai rarake maka turmi ba, ba zai fafe kalangu ba, kuma kujera 'yar tsugunne in ka ce da shi za ka faro daga gungume igiya kawai za ka yi ta tsinkawa. Ni har gobe gatari da gizago ne suke min kashi mafi yawa na aikin tun itacen yana ɗanye, in ajiye shi a inuwa ya bushe, sannan injin ya shiga inda gizago ba ya kaiwa, cikin kwana, ƙarƙashin zane, gefen harafi. In kana son inji na kwasar babban katako wannan aikin giranda ne da faifan sassaƙa, amma ka guji faifan nan mai sarƙar zarto a gefe, yana ƙwacewa ya dawo kan mutum kuma ya raunata mutane da yawa.

Kafin yaya ya biya, ka ce ya ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin moton da ta ƙasan abin takawar ya turo maka, ka ga 230 da idonka a duka biyun. In ya iso kuma kar ka fara da ƙofar mutane, ka samu guntun malaina ko darbejiya ka yi kwana biyu kana wasa hannu, kana sauraron sautin moton, duk sanda ka ji ya sauka to ka danna da yawa, ka sassauta ka bar bakin ya ci da kansa.